Yadda Muka Ɓuya wa Amurka a Hanyar Cibarakaten

Kafin komai ya kamata mai karatu ya san da wa yake magana, kada ya ɗauka wani gama-gari ne ya riƙe alƙalami. Sunana Nomau, Bagobiri ne ni na Sabon Birni, kuma na yi boko har aji huɗu kafin mahaifina ya gano cewa jakinmu ya fi hedimasta bukatata. Sauran ilimin a rediyo na ƙarasa shi. Shekara da shekaru babu ƙasar da ta ɗaga wa wata yatsa ba tare da na faɗi ra'ayina a rumfar mai shayi ba, ko da yake har yau ba a aiko mini da godiya ba.

Ra'ayina a kan Amurka kuwa sananne ne. Na ce duniya kasuwa ce, kasuwa kuma in babu ɗan doka mai kulki, kafin azahar an kwashe tumatirin marayu. Ɗan doka yakan ci na goro, yakan doki wanda bai ji ba bai gani ba, amma ka ɗauke shi rana ɗaya ka sha kallo. Da wannan hujja na kayar da malaman makaranta biyu da wani mai ɗinkin takalmi. Ita na ƙunsa na shiga ƙasar Nijar, a shekarun da Amurkawa ke da sansanin jiragensu a bayan Agadas.

Ba yawon buɗe ido ya kai ni ba. Ɗana Hamisu, magidanci mai 'ya'ya uku, ya tafi haƙar zinariya a Cibarakaten, can cikin sahara gaba da Arlit. Wani abokin aikinsa ya bugo waya ya ce ƙirji ya kama shi, ba ya iya shiga rami, salla ma a zaune yake yi, in akwai mai zuwa ya zo. Uwarsa ta dube ni ta ce, "Ka je ka kawo mini shi." Ba ta ƙara da in Allah ya yarda ba, ita da ko tukunya ba ta ɗorawa sai ta faɗa. Wannan ya fi wayar tsorata ni.

Arlit gari ne da aka kafa don dutse, mutane daga baya suka biyo. Tun daga nesa za ka hangi tsaunuka, sai ka matso a gaya maka ba Allah ya ajiye su nan ba, ƙasar da aka tace aka cire yuraniyom ce ake zubarwa har ta yi tudu. Babu kuka, babu tsamiya, babu inuwar da mutum zai ce ta kakansa ce. Na sauka a tasha da ƙunshin kayana da buta, ina ta waige kamar kazar da aka kai kasuwa.

Wani mutum mai farar shadda ya tarbe ni da fara'a, har da "Sannu Alhaji," ni da ko Sakkwato sai na yi shiri nake zuwa. Ya ce motar Cibarakaten saura mutum ɗaya, kuma don girmana gidan gaba zai ba ni. Na biya. Ya kai ni bayan tasha, ya buɗe mini ƙofar wata a-kori-kura, ya ce in zauna in riƙe wurina, zai kira direba. Na zauna. Na gyara hula. Rana ta taso ta tsaya a ka, ina nan riƙe da wurina, babu wanda ya zo ƙwace mini.

Can sai wani dattijo siriri ya leƙo ta taga. Ya daɗe yana duban zanen da ke kumatuna, sannan ya daka tsalle kamar ya tsinci abin da ya ɓace masa.

"Jama'a, wa ya bar bawana cikin wannan mota? Bagobiri, ina za ka?"

"Cibarakaten," na ce, ina cin magani.

"To ka riƙe da kyau, wannan mota yana gudu sosai. Tun kafin a haifi uwar awakin nan yake hanya."

Na leƙa ƙasa, sai ga awaki kwance a inda ya kamata inji ya kasance.

Sunansa Hamani, Bazabarme. Kowa ya san Bazabarme bawan Bagobiri ne tun fil azal, su kuma don rashin kunya haka suke faɗa a kanmu. Ya ɗauki ƙunshina ya saɓa, ya ce ba zai bar dukiyarsa ta lalace a rana ba. A gidansa na sauka. Matarsa ta dama mini fura, na sha na yi godiya, amma gero ne da ya sha tafiya kamar ni, bai tuna ƙasar da ya fito ba. Ina kurɓa ina tuna furar uwar Hamisu.

Hamani ya ƙare ƙuruciyarsa a ramin yuraniyom, ya fito da tari irin na gaske. Yanzu injinan niƙa dutse yake gyarawa a wuraren zinariya, kuma ya ce da ayarin da zai tashi za shi Cibarakaten, sai mu tafi tare. Muna jiran ayarin ne tsautsayi ya sa na buɗe masa hujjata ta ɗan doka, a kan shayi.

Ya ajiye kofi. "Wa ya naɗa shi?"

"Wa?"

"Ɗan dokan naka. A garinku ɗan doka hukuma yake naɗa shi. In ya fasa maka kai, akwai inda za ka kai ƙara. Wannan in ya fasa maka kai, wurin wa za ka?"

"Ƙarfi ya naɗa shi. Ko a garken shanu akwai bijimi."

"Bijimi yana kwana cikin garke. Wannan a gidansa yake kwana, ya aiko ƙaho." Ya yi tari mai tsawo, ya share baki. "Libiya yana nan zaune, yaranmu suna zuwa aiki suna dawowa da bargo da rediyo. Ɗan dokanka da abokansa suka zo suka fasa tulu, suka kaɗe riga suka tafi. Ruwan ina ya gangaro? Nan. Yanzu ba ka zuwa rijiya sai da soja."

"In ba don jiragen nan ba," na ce, "da masu bindigar sun iso har cikin butar shayin nan taka."

"Wanda ya saki kura ya dawo yana sayar maka da kare, shi kake yi wa godiya. Kai, Bagobiri! Da wuƙar da aka yi maka zane ta shiga ciki kaɗan, wataƙila da ta taɓo hankali."

Na gaya masa ba a gardamar duniya da wanda bai san mota mace ce ba. Muka tashi kowa yana ganin shi ya ci.

Ayarin ya tashi da sojoji gaba da baya. Ba zan wahalar da mai karatu da bayanin hanya ba, don babu hanya. Yashi ne da baƙin dutse, sai gawar mota a ƙone nan da can, sai jerin duwatsu da aka shirya da hannu, waɗanda ba sai an gaya maka abin da ke ƙarƙashinsu ba. A wani zango muna alwala da ɗan ruwan da bai kai cikin tafi ba, na ji wata ƙara siririya daga sama, kamar injin niƙa a unguwa mai nisa. Mutane sama da ɗari suka yi tsit. Wani ya sassauta rawaninsa ya buɗe fuska. Na ɗaga kai ban ga komai ba.

"Jirgin ubangidanka ne," in ji Hamani a hankali. "Babu mutum ciki. Mutumin yana can zaune cikin sanyi yana kallon ka."

Na ce madalla, aiki yake yi. Amma na lura ban ƙarasa wanke ƙafar hagu ba sai da ƙarar ta wuce.

Cibarakaten ramuka ne da bukkokin tsumma da ƙurar dutsen da ake niƙawa, wadda ke shiga haƙori ta shiga ido. A wata bukka aka nuna mini wani tsoho kwance a kan buhu. Na ce ba shi nake nema ba, ɗana nake nema. Tsohon ya buɗe ido.

"Baba, kai aka aiko?"

"Gwamna ba shi da lokaci," na ce. Na durƙusa na kama hannunsa, na ji kamar na kama karan dawa. In ya ja numfashi, sai ka ji wani abu yana kuka a ƙirjinsa.

Mai sayar da magani na wurin ya ce wannan ya fi ƙarfin tebur ɗinsa, a kai shi asibitin Arlit, kuma kada a tsaya shawara. Ayari kuwa ba ya komawa sai sojoji sun shirya, su kuma ba sa gaya wa kowa ranar. Hamani ya nemo wani direba Ba'abzine mai suna Agali, wanda ke bin wata ɓarauniyar hanya shi kaɗai in ta kama. Agali ya ari waya ya gaya wa yayansa a Arlit cewa ya taso, in ba a gan shi a kan lokaci ba a biyo sawu, kamar yadda suka saba. Shi kansa ba ya yawo da irin wayar nan ta tauraron ɗan'adam, don an ce da ita jirgin yake bin mutane. Muka shimfiɗa Hamisu a baya tsakanin jarkoki. Wasu mahaƙa biyu 'yan Damagaram suka hau. Hamani ya bar injin da ya kwance a warwatse ya hau shi ma.

"Ina za ka? Ba ka gama aikinka ba."

"In bar bawana da ɗan bawana cikin daji? Asara biyu kenan."

Mun ci tafiya mai yawa, mun wuce inda za a ce a koma, sai wani abu ya yi ƙara a cikin injin kamar an karya ƙashi. Motar ta gangara ta tsaya. Hamani ya buɗe ya leƙa, ya sa hannu, ya fito da wani guntun ƙarfe. Sai ya yi salati.

Agali bai ruɗe ba. Ya ce sahara tana da ƙa'ida kuma shi a cikinta aka haife shi. Ba a barin mota, ba a tafiya neman hanya da ƙafa. Ana sauke tayar safaya a ƙona, baƙin hayaƙinta yana miƙewa sama, mai nema yana hango shi daga tafiyar yini. Ya mirgino tayar, ya yayyafa mata fetur, ya zaro ashana.

Sai ƙarar nan ta taso.

Wannan karon na gan shi. Ɗigo ne mai ƙyalli, bai fi ƙwayar shinkafa ba. Agali ya tsaya da ashana a hannu, ya dubi sama, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Mota ɗaya," ya ce. "Ba bisa hanya ba. Maza da rawani, jarkoki cike da baya, mutum kwance kamar an harbe shi. In kai ne a sama, me za ka ce mu?"

Ɗaya daga cikin 'yan Damagaram ya ce a ƙetaren iyaka an taɓa samun mota irin tamu, ba a gane ko mutum nawa ne a ciki ba. Ɗayan ya ce shi ma ya ji. Babu wanda ya gani da idonsa, amma a wurin nan ji ya ishe mu.

"Nomau," in ji Hamani, kuma ba ya dariya, "ga ɗan dokanka. Fita ka gaishe shi, ka ce kai nasa ne."

A rumfar mai shayi ɗan doka yana da fuska. Kana iya cewa ranka ya daɗe, kana iya kiran sunan ubanka, kana iya yin kuka. Wannan ƙwayar shinkafar ta ina ake ba ta haƙuri? Na yi gyaran murya, na ba da shawara a matsayina na masanin harkokin duniya: a ɓuya.

Allah ya sani ban taɓa ganin aiki mai kyau irin wanda muka yi ba. Muka tura motar jikin wani baƙin dutse. Muka lulluɓe ta da tamfol, muka bi shi da yashi har launinsa ya ɓace. Muka rufe gilasai da tsumma kada su yi ƙyalli. Agali ya ja bargo a kan sawun taya har inda ƙarfinsa ya kai. Tayar da aka yayyafa wa fetur muka binne ta. Da za a ba da lambar yabo ta ɓuya, da mu shida mun raba. Muka shige ƙarƙashin tamfol muka zauna jiran yayan Agali.

Zafin da ke ƙarƙashin tamfol ɗin nan ban san da me zan kwatanta shi ba, don ban taɓa shiga tanderu ba. Yawancin jarkokin fetur ne, na ruwa kaɗan ne, kuma ɗaya ta tsage a hanya ba mu sani ba. Agali ya koma raba ruwa da ɗan kofin shayi. Rana ta fito ta faɗi, ta sake fitowa. Jirgin yakan zo ya wuce, mu kuma mu ƙame kamar ƙadangaru. Hamisu ya daina tari da ƙarfi, ba don ya samu sauƙi ba. Leɓensa ya tsattsage. Nakan jiƙa bakin rawanina in ɗiga masa.

Da aka miƙa wa Hamani kofinsa, sai ya tura wa Hamisu.

"Azumi nake."

"Wane azumi a watan nan?"

"Ramuwa. Ku Gobirawa ba ku san shi ba, sai a ba ku labari."

Wannan ne karo na farko da Bazabarme ya yi mini magana na rasa ta cewa.

Da tsakar rana, a yinin da ruwa ya koma gindin jarka, muka ji ƙara tana tasowa, ta fi ta kullum kauri. Wani ya ce ya sauko ƙasa, ya gan mu. Muka kwanta rub da ciki. Ƙarar tana matsowa har ina jin ta a haƙarƙarina. Sai tari ya taso wa Hamisu. Mai karatu, ni Nomau da na yi aji huɗu, na sa tafin hannuna na toshe bakin ɗana, kada jirgin da ke cikin gajimare ya ji tarinsa. Ina jin ƙirjinsa yana tsalle a ƙarƙashin hannuna, idanunsa a kaina, ban sake shi ba.

Ƙarar ta yi sama, ta fara raguwa. Agali ya ɗaga kai, ya karkata kunne. Sai ya yi wata irin kururuwa ya yaga tamfol ya fita.

"Mota ne! Mota ne!"

Muka fito muna tuntuɓe. Can nesa ƙura biyu suna tafiya, suna ƙanƙancewa. Muka yi ihu da muryoyin da ba mu da su. Agali ya bi su da gudu har ya faɗi. Inda ya faɗi akwai sawun taya sabo, bai fi jifa biyu daga dutsenmu ba. Ya shafa sawun da hannu ya ce na yayansa ne, ya san tayar, shi ya saya masa.

Ya dawo ya hau tonon tayar da muka binne da hannuwansa. Ya ce har yanzu in sun waiwaya za su ga hayaƙi. Yana fito da ita sai ƙarar siririya ta dawo, ta gaskiyar, daga gabas. 'Yan Damagaram suka yi kansa. Ɗaya ya riƙe hannunsa, ɗaya ya ɗaga shebur.

"Wallahi ba za ka kira shi kanmu ba! Ya ga motoci biyu sun wuce, yanzu ya ga hayaƙi, ya ce alama muke ba su!"

"Ƙishirwa zai kashe mu!"

"Ƙishirwa tana barin gawa a yi mata salla!"

Hamani ya shiga tsakani yana tari. Ni na koma wurin Hamisu. Ya buɗe ido ya dube ni, ya ce, "Malam, in ka je Sabon Birni, ka tambayi gidan Nomau." Bai san ni ba.

Ban yi wani tunani mai zurfi ba, kada a ba ni girman da ban kai ba. Ƙafafuna ne suka tashi. Na tuɓe farar rigata, na fizge shebur daga hannun ɗan Damagaram, na ɗaura ta a kai, na fita fili inda babu dutse babu inuwa. Ina jin wani wuri a tsakiyar kaina yana ƙaiƙayi, daidai inda na tabbata abin zai sauka. Na ɗaga shebur na kaɗa.

"Gud monin sa!" na ce, ko da yake azahar ta wuce. Turancin aji huɗu ya ƙare a nan, na koma Hausa. "Ranka ya daɗe, ni ne Nomau! Ni ne mai tsaya maka a Sabon Birni! Ka tambaya, kowa ya sani, har an daina ba ni shayi na biyu saboda kai! Ba mu da bindiga, ɗana ne ba shi da lafiya! In taimako ne ka aiko, in kuma ɗayan ne, to ga ni nan ni kaɗai, ka bar na jikin dutse!"

Ƙwayar shinkafar ta karkata. Ta zagayo ta kaina. Na rufe ido na yi kalmar shahada, hannuna bai daina kaɗa riga ba don ya manta yadda ake tsayawa. Ta sake zagayowa, a hankali, kamar shaho a kan kaji. Na jira. Sannan ƙarar ta miƙe ta yi arewa, ta yi ta raguwa har iska ta shanye ta.

Na daɗe a tsaye da shebur a sama. Babu wuta, babu ruwa, babu ko takarda da aka jefo.

Hamani ya tako ya tsaya kusa da ni, yana duban inda jirgin ya ɓace. Na jira ya ce ya ci gardama. Shi ma ina jin jira yake in ce na ci.

"Ko kashe mu," ya ce, "bai ga ya kai ya ɓata harsashi ba."

Babu wanda ya sake riƙe hannun Agali. Ya ƙyasta ashana. Hayaƙi ya miƙe baƙi ƙirin, kamar an kafa ginshiƙi. Da tayar ta cinye muka kwance ta jikin mota muka ƙara, sannan wata, sannan kujeru. Ruwa ya ƙare. Na zauna da kan Hamisu a cinyata ina ƙirga numfashinsa, in ya yi jinkiri sai in girgiza shi. Ina ta shirya abin da zan gaya wa uwarsa, kowace magana na ɗauko sai ta karye.

La'asar sakaliya ɗan Damagaram mai shebur ya miƙe yana nuni, bakinsa yana motsi babu murya. Ƙura biyu ne, kuma girma suke yi.

Yayan Agali ƙato ne mai baƙin rawani. Kafin ya gaisa da kowa ya sa aka jiƙa bargo aka lulluɓe Hamisu, ya hana a ba shi ruwa da yawa, sai ɗigo-ɗigo da sukari da gishiri. Sai da ya ga maƙogwaronsa ya motsa sannan ya juyo kan ƙaninsa.

"Ta nan muka wuce! Na dubi dutsen nan da idona! Ina kuka shiga? Ina hayaƙi tun ranar farko?"

Agali ya sunkuyar da kai, ya nuna sama da yatsa.

Mutumin ya dubi tamfol ɗin da muka shafe da yashi, ya dubi gilasan da muka rufe, ya dubi inda aka ja bargo. Ya daɗe yana kallon aikinmu.

"Wancan zafin jiki yake gani," ya ce. "Ko cikin rami ka shiga yana ganin ka. Tun ranar da motar ya mutu ya san ku shida ne." Ya tofar da yawu. "Mu kaɗai kuka ɓuya wa."

A asibitin Arlit aka sa wa Hamisu ƙarin ruwa a hannu da robar iska a hanci. Likita, wanda su can suke ce wa lokotoro, ya ce ƙurar dutse ta riga ta ci rabonta a huhun, rami kam ya gama shigarsa har abada, sauran kuma sai abin da Allah ya yi. Aka kwantar da Hamani a gadon da ke kusa, don azumin ramuwarsa ya kusa kai shi lahira. Kwanaki ina zaune a tsakaninsu a kan tabarma, wannan ba ya magana, wancan ba ya yin shiru.

Wata safiya ina fifita Hamisu da murfin kwali, sai ya ce, "Baba, akwai kunu?" Na tashi da gudu na bar takalmi ɗaya. Matar Hamani ta dama, na kawo, na tallafi kansa yana kurɓa. Ya sha rabin kofi ya huta, ya ƙara.

Muna cikin haka ƙarar nan siririya ta ratso ta taga, can sama da tsaunukan ƙasar da aka zubar. Na zabura har kunu ya zuba a bargo. Hamani ya juyo da kai a kan matashi ya dube ni, ya buɗe baki, sai kuma ya rufe.

"Baba, ƙarar mene ne wannan?" in ji Hamisu.

Na share masa haɓa da bakin rigata.

"Wani mai wucewa ne," na ce. "Bai san mu ba. Shanye kununka, uwarka tana jira."